Shin Dole Ne Batir Ya Mutu Kafin A Mayar Da Shi Caji?

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya ko fitilar caji a kasuwa ya san huɗubar da ake sallamarsa da ita. Mai shago zai miƙo kwali ya ce, "Alhaji, kar ka kunna ta sai ta kwana a caji. Kuma in ka fara aiki da ita, bar ta ta mutu murus kafin ka mayar, in ba haka ba batirin zai saba da rabi." Ba da mugun nufi yake faɗa ba, shi ma haka ya ji daga bakin ubangidansa. Ni kaina na yi shekaru ina bin wannan shawara, na yi asarar fitilu da dama, ina ɗora laifin a kan rashin ingancin kaya. Sai daga baya na fahimci cewa da yawa daga cikinsu da hannuna na kashe su.

Abin da ya kawo ruɗanin shi ne kalmar "batir" ɗaya ce a bakinmu, alhali abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. A gida guda za ka iya samun iri uku. Akwai na dalma, wanda ke cikin inbata da fanka mai caji da yawancin tociloli masu arha. Akwai na litiyam, wanda ke cikin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka da fawa bank da fitilun sola na zamani. Sannan akwai na nikel, wato ƙananan batura masu caji da ake kira AA da AAA, waɗanda ake sa wa rediyo da rimot da na'urar awon hawan jini da makirfon masallaci marar waya. Kowanne da kiwon da ya karɓe shi. Shawarar mai shago kuwa ta wani iri ce na huɗu, wanda da wuya ka same shi a gidan kowa yau.

Wannan na huɗun shi ne batirin nikel da kadmiyam, wanda ake rubuta NiCd a jikinsa. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Waldemar Jungner, ya ƙirƙiro shi a 1899, kuma shi ya riƙe kasuwar ƙananan batura masu caji har zuwa wajen 1990. A kansa aka fara maganar wai batir yana da hadda. Asalin labarin daga taurarin ɗan'adam ya fito. Tauraron da ke zagaya duniya kusan kowane minti 90 yana shiga rana ya fita a kan ƙa'ida ɗaya, don haka batirinsa yakan sauka zuwa daidai wuri guda, ya sake cika, sau ɗaruruwa a jere ba tare da bambanci ba. Injiniyoyi suka lura cewa in aka zo neman abin da ya wuce wancan wurin, ƙarfin wutar yakan faɗi, kamar batirin ya manta yana da saura. Maganin da suka samo shi ne a sauke shi ƙasa sosai a sake cika shi. To wane ne a cikinmu yake amfani da tocila da irin wannan ƙa'ida ta agogo? Abin da mutanen gida suka fi gamuwa da shi a wancan zamanin wani ciwo ne mai kama da shi: batirin da aka bari ya daɗe a caja bayan ya cika, ƙarfinsa ya ɗan sauka, na'ura ta ɗauka ya ƙare. Shi ma saukewa ɗaya ko biyu kan gyara shi. Daga nan maganar ta bazu, ta zama doka a kan kowane batir. Shi NiCd ɗin kuwa ya ja baya tuni, musamman bayan Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da kadmiyam a ƙananan batura a 2006 saboda gubarsa. Batirin ya tafi, huɗubarsa ta zauna.

Magajinsa shi ne batirin nikel marar kadmiyam da ake rubuta NiMH a jikinsa, wanda yawancin AA da AAA masu caji na yau suke. Yana da ɗan guntun wancan halin, amma kaɗan ne ƙwarai, bai kai a riƙa zuƙe shi kullum ba. In ya rage rabi ka mayar da shi caja, babu abin da zai same shi. Saukewa sau ɗaya a 'yan watanni tana iya farfaɗo da wanda ya yi sanyi, amma "saukewa" a nan tana da iyaka. Ƙwayar batirin NiMH guda ɗaya tana aiki ne a bolt 1.2, wato ma'aunin ƙarfin wuta da ake rubutawa da harafin V. In ta fito daga caja takan kai wajen 1.4, in ta sauka zuwa 1.0 ta gama ba da abin da take da shi. A nan ake tsayawa. Cajoji masu kyau suna da maɓallin da ke sauke kowace ƙwaya ita kaɗai zuwa wannan iyaka sannan su cika ta. Haɗa kai da gindin batir da waya ko ƙusa don a zuƙe shi da sauri ba saukewa ba ce, ƙona shi ne, kuma yana iya ƙona hannu.

Haɗarin da mutane ba su cika sani ba yana cikin tocila ko rediyo mai cin batir uku ko huɗu a jere. Batura ba sa zama daidai da juna, ko da tare aka saye su. Dole ɗaya ya riga sauran ƙarewa. Ka ɗauka shanun huɗa ne biyu a karkiya ɗaya, ɗaya ya gaji ya durƙusa, ɗayan bai tsaya ba, yana jan sa a ƙasa. Haka sauran baturan ke ci gaba da tura wuta ta cikin wanda ya ƙare, har su juya masa kai, kan da ke da alamar + ya koma na −. Ƙwayar da aka juya wa kai sau da yawa ta nakasa ke nan. Shi ya sa barin tocila a kunne har safe "don batir ya mutu sosai" ya fi komai kashe batura masu caji. Da zarar haske ya fara ja, ko muryar rediyo ta fara shaƙewa, a kashe a cire. Kuma dalilin da ya sa ake cewa kar a gauraya tsoho da sabo, ko babba da ƙarami wajen ɗaukar caji, ke nan. Ni nakan sa wa kowane rukuni alama da biro, 'yan rediyo daban, 'yan tocila daban, su tsufa tare.

Wani abu game da NiMH da ke sa a zarge shi a banza: yana yoyo ko ba a taɓa shi ba, kamar sabon tulu mai tsatsafo. Na gargajiya yakan zubar da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a wata guda, a lokacin zafi ma ya fi haka. Ka cika shi ka ajiye, ranar buƙata ka tarar da shi wayam. A 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da wani nau'i mai suna Eneloop, wanda yanzu yake hannun Panasonic, da ke iya shekara a ajiye yana riƙe da mafi yawan cajinsa, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Irin wannan ne ya dace da rimot da tocilar ko-ta-kwana. Sai batun caja. Mai arha ba ta san batir ya cika ba; wuta kawai take turawa, ko dai har ka cire, ko har agogon cikinta ya ƙare. In batirinka mAh 2000 ne, wato yawan cajin da yake ɗauka, cajar tana ba da mA 200, wato yawan wutar da take turawa, lissafin awa 10 ne, a ƙara asarar da ake yi a hanya ya zama wajen 14. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan ba matsala ba ce. A wurinmu, duk ɗaukewa da kawowa tana mayar da agogon cajar farko, ta sake dafa batirin da ya riga ya cika. Taɓa shi ka ji: ɗumi kaɗan ba laifi, amma in ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, an wuce gona da iri.

Inda shawarar mai shago ta fi yin ɓarna shi ne batirin dalma, kuma a nan ne kuɗin mutane masu yawa suke, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, jama'a suka koma sola da inbata. Batirin dalma shi ne mafi tsufa a cikin waɗannan batura. Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi tun 1859. A cikinsa akwai farantan dalma a jiƙe cikin asid. Duk lokacin da yake ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan. Duk lokacin da aka yi caji, gishirin yana narkewa ya koma inda ya fito. Matar da ta san tukunyar tuwo ta san sauran bayanin. In an kwashe tuwo aka zuba ruwa nan take, wankin ba wuya. In aka bar tukunyar ta kwana biyu, ƙanzo ya kama, sai an kankare. Gishirin da aka bari a kan faranti kwana da kwanaki yakan daskare ya zama ƙanƙara mai tauri da caji ba ya iya narkarwa, kuma babu hannun da zai shiga ya kankare. Duk wurin da ya rufe, wannan yanki na batirin ya fita daga aiki har abada.

Saboda haka batirin dalma yana ƙin abu biyu: a sauke shi ƙasa sosai, da a bar shi a sauke. Ƙa'idar da masu harkar suka yarda da ita ita ce kar a riƙa cin fiye da rabinsa. Batir mai bolt 12, in an cire masa kaya ya huta 'yan awoyi, mita za ta nuna wajen 12.7 in ya cika, wajen 12.1 ko 12.2 in ya kai rabi. Yawancin inbatoci kuwa ba sa yin kuka su kashe kansu sai ya faɗo kusan 10.5. Mai gida yana ganin tun da inbata ba ta yi ƙara ba, akwai saura. Gaskiya akwai saura, amma daga kwanakin batirin ake cin ta. Ɗauki batir mai Ah 200 a bolt 12 (Ah ɗaya mAh dubu ne). A takarda yana ɗauke da wat 2400 na awa guda. Rabonka a ciki 1200 ne. In fanka biyu da talabijin da 'yan ƙwayayen fitila suna jan wat 150, awa takwas ke nan, kafin a cire abin da inbatar kanta take ci. Wanda yake jan sa awa goma sha huɗu kowane dare, ga firji a kai, bai kamata ya yi mamaki ba in batirin da aka ce masa zai yi shekara huɗu ya kwanta a shekara ɗaya.

Akwai wata hanyar mutuwa da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce rashin cika. Wuta ta zo awa uku, batir ya hau zuwa kashi 70, aka ɗauke, aka sauke shi, gobe ma haka. Makonni suna wucewa bai taɓa ƙoshi ba, ƙanzon yana taruwa a hankali. Haka yake faruwa ga mai sola da ya sayi manyan batura da farantan sola kaɗan, ko wanda ƙurar hunturu ta rufe wa farantan bai goge ba. Batirin dalma yana buƙatar ya cika taf a kai a kai, ko da sau ɗaya ne a mako. In wuta ta ƙi, gara a rage kaya na kwana ɗaya ko a tayar da janareto dominsa. Mai irin dogon batirin nan da ake zuba wa ruwa kuma ya riƙa duba shi. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko na leda ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, saboda yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙananan fitilu da fankoki masu caji, domin talaka ne ke sayensu, kuma bai san dalma ce a ciki ba. Ɗaga ka ji: in tana da nauyi fiye da girmanta, ko ka buɗe ka ga ɗan baƙin akwati mai rubutun 4V ko 6V, dalma ce. Yara su yi karatu da ita har ta dushe, a jefa ta kan taga, wuta ba ta zo ba sai bayan kwana huɗu. Ko damina ta sauka, a tura fanka ƙarƙashin gado yadda take a sauke, sai bazara a jawo ta a ce ta lalace. Da an cika ta kafin ajiya, ana ɗan waiwayarta da caji duk wata biyu ko uku, da ta kai wata shekarar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu arhar ba su da abin da ke yanke caji, don haka barinsu a soket dare da rana yana busar da su.

Litiyam shi ne ɗan auta. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda aikin da ya haife shi. Ba shi da hadda ko kaɗan. Ba ya buƙatar kwana a caji ranar farko. In ya cika wayar da kanta take yankewa. Ka sa shi a caji daga kashi 60, ka cire a 75, ka sake mayarwa, duk bai dame shi ba, hasali ma ƙananan cajin nan sun fi masa sauƙi a kan doguwar tafiya daga sifiri zuwa ɗari. Abin da ke gajiyar da shi shi ne zama a ƙarshen biyu. Ƙwayarsa galibi tana cika a wajen bolt 4.2 ko sama kaɗan, ana tsayar da ita wajen 3.0 ko ƙasa kaɗan. Sifirin da waya ke nunawa ba sifirin gaske ba ne, an bar ɗan abin kariya. Amma in aka jefa ta a durowa a mace wata da watanni, wannan ɗan abin ma yakan tsiyaye, ƙwayar ta faɗa inda jan ƙarfen da ke cikinta zai fara narkewa. Irin wannan batirin ne wasu masu gyara ke "tayarwa" da wuta kai tsaye. Yakan tashi, amma narkakken ƙarfen na iya sake daskarewa ya haɗa ɓangarorin da bai kamata su haɗu ba, daga nan sai zafi da wuta. Ban ga hikimar kwana ɗaki ɗaya da batirin da aka tayar ta wannan hanya ba.

In za a ajiye shi, rabin caji ya fi. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tun 2016 ta hana a yi lodin baturan litiyam zalla a jirgi suna ɗauke da fiye da kashi 30, domin cikakken batir ya fi saurin kamawa da tsananin ci. Kamfanonin waya ma sun gane nauyin zama a ɗari: Apple ya sa wa iPhone tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin dare tun 2019, wayoyin Samsung da wasu ma suna da irinsa. Sau ɗaya tak saukewa ƙasa ke da amfani, shi ne in lambar da waya ke nunawa ta rikice, tana tsalle daga 30 zuwa 5. Zagaye guda daga ƙasa zuwa sama yana iya gyara lissafin wayar. Lissafin ya gyara, ba lafiyar batirin ba.

A nan dole in faɗi abin da nake gani a kan shawarar nan ta "riƙe cajin waya tsakanin kashi 20 da 80" da ta cika intanet. Gaskiya ce, amma an tsara ta ne ga mutumin da soket ɗinsa ba ya mutuwa. Wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba, ko wanda ke biyan mai cajin waya kuɗi a kan kowane caji, in ka ce masa ya cire a 80 ka raina masa hankali. Ya cika abinsa. Illar cikawa ƙarama ce muddin za a fara amfani da shi nan da nan. Abin da ya cancanci damuwarmu shi ne zafi, domin shi ne ke ninka kowace illa. Masu ƙera batirin dalma suna auna kwanakinsa ne a digiri 25, kuma ƙiyasinsu shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana cin rabin ransa. Ka tuna da Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura 40, sannan ka tuna da batirin da aka ajiye a shagon kwano ko ƙarƙashin matakalar da iska ba ta shiga. Litiyam ma haka: cikakkiyar waya a gaban gilashin mota da rana, ko a ƙarƙashin filo tana caji, ko cikin tarin wayoyi ashirin a teburin mai caji kusa da janareto. In batir ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, iska ce ta taru daga lalacewar ruwan cikinsa. Ba a huda shi da allura a sace iskar, ba a danne shi a mayar da murfi. An gama da shi.

Wani lokacin kuma ba kulawa ba ce ta gaza, tun a kwali aka yi ƙarya. Dogon batirin litiyam ɗin nan mai lamba 18650 da ke cikin tociloli masu ƙarfi, na gaske daga manyan kamfanoni bai wuce mAh 3500 da 'yan kai ba. Wanda aka rubuta wa 9900 ko a hannu za ka ji ba shi da nauyi. AA na nikel mai iƙirarin sama da 3000 shi ma a bar shi a shago. Busassun batura irin su Tiger Head kuwa ba a yi su don caji ba. Shanya su a rana yana ɗan motsa abin da ya rage na ɗan lokaci, sa su a caja kuma yana iya fasa su su zubar da ruwa mai cin ƙarfe.

Saura inda mataccen batir ke zuwa. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Wancan daga ma'adini ne, amma dalmar ɗaya ce da ta cikin batir. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana fasa tsofaffin batura ana ciro dalma a unguwar, ƙurar ta cika ƙasar da suke wasa a kai. 'Yan gwangwan suna sayen mataccen batirin inbata da daraja, kuma ba laifi a sayar, amma a miƙa shi a rufe yadda yake, ko a mayar wa dilan da zai karɓa ya rage maka kuɗin sabo. Kar a yarda a fasa shi a tsakar gida ko a tuttular da asid ɗin a kwata. Ɗan baƙin akwatin cikin fitila ma dalma ce, ba abin wasan yara ba ne. Na litiyam kuma a naɗe kawunansa da salatif, a ware shi daga sharar da za a cinna wa wuta da yamma, domin a cikin wuta fashewa yake yi.